Motar kamfani ta buge ƙanena, halinsa ya canja: mu karɓi kuɗin sulhu mu sa hannu?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina zaune a Agege. Wata huɗu da suka wuce wata motar ɗaukar kaya ta wani kamfani tana ja da baya a bakin kasuwa ta buge ƙanena, mai shekara 27, wanda yake sayar da tattasai da attarugu. Ya faɗi ta ƙeya, kansa ya bugu da kwalta, ya suma na ɗan lokaci. A wani asibitin kuɗi aka ɗinke masa kai, aka ɗauki hoton ƙashi aka ce babu karaya, bayan kwana biyu aka sallame mu. Kamfanin ya biya kuɗin asibitin, yanzu kuma manajansu ya ce za su ba mu naira 500,000 idan muka sa hannu a wata takarda cewa magana ta ƙare. Manyanmu sun ce mu karɓa mu yafe, ƙaddara ce, kuma direban talaka ne. Amma yaron nan ya canja. Kullum kansa yana ciwo, yana mantuwa, lissafin canji yana rikice masa, ga saurin fushi, alhali da shi ne mai haƙurin gidanmu. Kafin haɗarin yakan samu kamar naira 6,000 a rana, yanzu ko kasuwa ba ya iya zuwa. Makon jiya ya faɗi yana karkarwa, wasu suka ce iska ce. Shin wannan yana da alaƙa da haɗarin? Mu sa hannu? Kuma neman diyya bai saɓa wa tawakkali ba?

Daga wani mai karatu a Agege

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya ba ƙaninka lafiya, ya kuma saka maka da alheri bisa tsayuwar da ka yi a kansa. Ni lauya ne, kuma neman diyyar haɗari na cikin abin da na fi yi a nan Legas, aikin da ya sa nake yawan karanta rahotannin likitocin ƙwaƙwalwa da zama da iyalan da irin wannan ta afka wa. Kada kowa ya sa hannu a takardar nan yanzu. Kafin ma a zo maganar kuɗi akwai wadda ta fi ta gaggawa, wato a kai yaron nan babban asibiti a cikin makon nan, domin mutumin da ya bugu a kai, sannan ciwon kai ya ƙi barinsa, halinsa ya sauya, daga baya kuma ya faɗi yana karkarwa, mutum ne da ya kamata likitan ƙwaƙwalwa ya gani ba tare da jinkiri ba.

Hoton da aka ɗauka a asibitin farko hoton ƙashi ne, kuma ƙashi kaɗai yake nunawa. Ƙwaƙwalwa aba ce mai laushi, kusan kamar awara, tana zaune cikin wani ruwa a cikin ƙoƙon kai wanda ba ya buɗewa kuma ba ya miƙewa. Idan kai ya bugu da kwalta, ƙoƙon yakan tsaya cak, ita kuwa ƙwaƙwalwar takan ci gaba da tafiya ta bugi ƙashi ta ciki, ta dawo ta bugi ɗaya gefen, shi ya sa mutum kan faɗi ta ƙeya amma raunin ya fi tsanani a gaba, ta wajen goshi. Wannan sashe na gaba shi ne yake riƙe da haƙuri da kunya da tsara al'amura da auna magana kafin a faɗe ta. Saboda haka idan ka ce mai haƙurin gidanku ya koma mai saurin fushi, kuma lissafin canji yana rikice masa, abin da ka kwatanta sananne ne a wurin likitoci, kuma yana iya faruwa alhali ƙoƙon kai ko tsagewa bai yi ba. Ina roƙonku kada ku ɗauke shi a matsayin wanda ya lalace ko ya koyi rashin kunya, domin ba da gangan yake yi ba, kuma faɗa ba ya gyara irin wannan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarinka shi ne yiwuwar taruwar jini a cikin kai. Akwai zubar jini mai sauri, wadda takan faru idan jijiyar da ke ƙarƙashin ƙashin gefen kai, sama da kunne, ta fashe: mutum ya suma, ya farfaɗo yana magana kamar babu komai, bayan 'yan sa'o'i ya sake suma, kuma idan ba a yi tiyata da wuri ba sai a rasa shi. Wannan matakin ƙaninka ya wuce shi, alhamdu lillahi. Amma akwai wata mai tafiya a hankali, inda ƙananan jijiyoyi ke ɗigar da jini tsakanin ƙwaƙwalwa da fatar da ta lulluɓe ta, jinin yana taruwa makonni ko watanni yana danne ƙwaƙwalwar. Ta fi kama tsofaffi da masu shan magungunan tsinka jini, amma matasa ma ba su tsira ba. Hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna abin da ke cikin ƙoƙon kai, yana nuna ta, kuma sau da yawa maganinta ƙaramar tiyata ce, a huda ƙoƙon kai a zuƙe jinin, mutum ya samu sauƙi sosai. Idan kafin ranar zuwa asibiti kuka ga yana amai a kai a kai, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa yana wuya, ko hannu da ƙafar gefe ɗaya sun yi rauni, ko harshensa ya yi nauyi, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ko wani ruwa garai yana fita ta hanci ko kunne, to kada a jira gari ya waye. A kira 112 ko 767, ko a ɗauke shi kai tsaye zuwa sashen gaggawa. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Faɗuwar da ya yi yana karkarwa ta yi kama da farfaɗiya, kuma farfaɗiya tana cikin abin da raunin ƙwaƙwalwa ke haifarwa, wani lokaci bayan watanni, wani lokaci ma bayan shekaru, saboda tabon da raunin ya bari yana rikita saƙonnin da ke gudana a cikin ƙwaƙwalwa. Addu'a da ruƙiyya alheri ne, ban hana ku ba, amma kada su tsayar da ku daga asibiti, domin wannan ciwo yana da magani wanda ake sha kullum, kuma mutane da yawa suna rayuwarsu lafiya da shi. Idan ta sake tasowa, a kwantar da shi ta gefe, a sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a janye abin da zai ji masa ciwo, kada a danne shi, kada a tura masa cokali ko yatsa a baki, kada kuma a ɗura masa ruwa ko rubutu ko man ja sai ya dawo hayyacinsa sarai, domin abin da aka ɗura yana iya wucewa huhu. Idan ta haura minti 5 ba ta tsaya ba, a garzaya asibiti. Wani a cikinku ya ɗauki bidiyon abin da waya, saboda likita ba zai kasance a wurin ba, kuma wannan bidiyon zai yi amfani a gabansa, daga baya kuma a gaban kamfanin inshora. Har sai likita ya ba da izini, kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya hau saman tirela wajen sauke kaya, kada ya zauna shi kaɗai kusa da wuta ko bakin ruwa.

Daga Agege, asibitin koyarwa na jami'ar jiha, LASUTH, da ke Ikeja ya fi muku kusa, akwai kuma LUTH a Idi-Araba, kuma dukansu suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. Ku tafi da wanda ya ga haɗarin da wanda ya ga faɗuwar, da duk takardun asibitin farko. Idan hoton CT ya fito babu jini, ku gode wa Allah, amma kada a ce muku shi ke nan babu rauni. Akwai lahani a siraran zaruruwan ƙwaƙwalwa wanda CT ba ya kamawa, wani sai hoton MRI, wanda ya fi CT nuna naman ƙwaƙwalwa dalla-dalla, wani kuma ba ya fitowa a kowane hoto sai ta gwajin tunani da riƙe abu da lissafi, wanda ƙwararru ke yi a zaune da majinyaci. Idan aka tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba domin matsalar fushi ko mantuwa ko rashin barci, kada sunan wurin ya firgita ku, zuwa can ba ya nufin an ce ya haukace. Sannan ku tambayi asibitin farko abin da suka rubuta game da matakin hayyacinsa lokacin da aka kawo shi. Akwai ma'aunin da wasu likitoci biyu, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fitar a birnin Glasgow na Birtaniya a 1974, wanda ke duba buɗe ido da magana da motsi, kuma a yau makinsa yana tashi daga 3 zuwa 15. Daga 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Lauyan kamfanin inshora zai nemi wannan lambar, kuma idan ta yi sama zai kafa hujja da ita, don haka ku sani tun yanzu cewa tana nuna halin da mutum yake ciki ne a sa'ar farko kawai. Akwai waɗanda suka zo da 14 ko 15 amma suka shafe shekara ba su koma sana'a ba.

Raunin ƙwaƙwalwa yana bayyana girmansa ne a hankali. Sauƙin da ake samu ya fi sauri a wata 6 na farko, yana ci gaba har shekara ɗaya ko biyu, kuma likita mai kula ba zai yarda ya rubuta cewa ga abin da zai warke, ga abin da zai dawwama, a wata na huɗu ba. Wanda ya sa hannu yau ya sayar da abin da bai san kuɗinsa ba.

Takardar da manajan ya kawo kuwa, ko ban gan ta ba na san irinta. Takan ce an karɓi kuɗi kaza a matsayin biya na ƙarshe, kuma an yafe duk wani haƙƙi na yanzu da na nan gaba. Kotu tana girmama irin wannan yarjejeniya, kuma warware ta yana da wuya, sai an tabbatar da yaudara ko tilasci ko cewa wanda ya sa hannu bai cikin hankalin da zai fahimci abin da yake yi. Ƙa'idar diyya a kotunanmu ita ce sau ɗaya ake biya a kan haɗari ɗaya, ba a dawowa bayan shekara biyu a ce ciwo ya ƙaru a ƙara mana. Akwai kuma abin da iyalai da yawa ke mantawa: haƙƙin nan na ƙaninka ne, ba naka ba ne, ba na manyan gida ba ne. Shi baligi ne, shi zai yafe ko ya nema, kuma idan likitoci suka tabbatar hankalinsa bai kai ya tsaya wa kansa ba, doka ta tanadi a shigar da ƙara da sunansa ta hannun waliyyi. Wannan bai hana ku karɓar taimako yanzu ba. Idan kamfanin zai biya kuɗin CT da magani, ku karɓa, amma a rubuta a rasit cewa wannan wani ɓangare ne na kuɗin jinya, kuma karɓarsa bai tauye sauran haƙƙi ba. Duk takardar da aka rubuta da Turanci, ko a ofishin kamfani ko a caji ofis, kada a dangwala mata yatsa sai wani naku da kuka amince da shi ya karanta ya fassara.

Mu auna naira 500,000 ɗin da lissafin da kai ka bayar. Naira 6,000 a rana, kwana 26 a wata, ta kama naira 156,000, a wata huɗu kuwa naira 624,000. Ke nan abin da ya riga ya rasa na ciniki kaɗai ya zarce tayin, tun ba a zo kan hoto da magani da kuɗin mota ba. Kotu tana raba diyya gida biyu. Akwai asarar da ake ƙirgawa, kamar kuɗin asibiti da magani da sufuri da cinikin da ya tsaya, kuma wannan sai an jera ta ɗaya bayan ɗaya a cikin takardar ƙara an kawo hujjar kowace, alƙali ba ya ƙiyasta ta da kansa. Akwai kuma wadda alƙali ke aunawa da hankalinsa: raɗaɗi da wahalar da aka sha, da jin daɗin rayuwa da aka rasa, da raguwar ƙarfin neman abinci nan gaba, da jinyar da za a ci gaba da yi. Ga matashi mai shekara 27 wanda wataƙila zai riƙa shan maganin farfaɗiya shekaru masu yawa, kashi na biyun nan ne mafi nauyi, kuma shi ne wanda takardar manajan take son rufewa.

Maganar manya ina girmama ta, domin yafiya ɗabi'a ce mai daraja kuma babu mai musun ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana tawakkali shi ne ya shar'anta diyya. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, ta kuma bar yafewa a hannun masu haƙƙin. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai wasiƙar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rubuta wa Amru bn Hazm, inda aka yanka raƙuma 100 a kan rai, raƙuma 5 a kan raunin da ya bayyana ƙashi, da sulusin diyya a kan raunin kai da ya isa ga ƙwaƙwalwa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ce gushewar hankali cikakkiyar diyya ce. Malamanmu na farko sun ɗauki hankalin mutum daidai da ransa wajen biya. Kotunan Legas ba da wannan ma'auni suke hukunci ba, da dokar jiha suke yi, amma na kawo shi ne domin kada a sa wa ƙaninka jin cewa neman haƙƙinsa raunin imani ne. Ku tambayi malamin da kuka yarda da shi. A nawa ganin, yafiyar da take da lada ita ce wadda mai haƙƙi ya yi da kansa bayan ya san abin da yake yafewa.

Tausayin direba ma yana da amsa. A doka, idan ma'aikaci ya yi sakaci yana cikin aikin ubangidansa, ubangidan yana ɗaukar alhakin, saboda haka ƙara takan haɗa direban da kamfanin, kuma wanda ake sa ran zai biya shi ne kamfanin ko mai inshorarsa. Abin da za ku tabbatar shi ne cewa direban yana da nauyin kula da mutanen da ke kan hanya, ya gaza wajen wannan kulawar, kuma gazawar ce ta jawo raunin. Ja da babbar mota baya a bakin kasuwa mai cunkoso kamar Mile 12 ba tare da yaron mota yana duba masa baya ba hujja ce mai ƙarfi. Ku shirya jin cewa shi ma yaron yana da laifi, wai ya baza kaya a kan titi ko bai kauce ba. Ko da hakan ta tabbata, a dokar Legas ba ta kashe ƙara, sai dai alƙali ya raba laifin ya rage diyyar gwargwadon kason wanda aka buge. Yaƙin da ya fi zafi zai kasance a kan alaƙa: za su ce farfaɗiyar gado ce, ko dama haka halinsa yake. Shi ya sa kowane mako da ya wuce ba tare da likita ya rubuta waɗannan alamomi a fayil ba yana ƙara musu ƙarfi.

Doka ta wajabta wa kowace mota da ke hawa titi inshorar mutum na uku, wato wadda ke biyan wanda motar ta yi wa ɓarna. Tun daga 1 ga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, da iyakar naira miliyan 3 a kan ɓarnar dukiya, manyan motocin dakon kaya kuwa naira 100,000 da iyakar naira miliyan 5. Ku lura, waɗannan miliyoyin iyakar ɓarnar dukiya ce, kamar mota ko shago, ba su ne iyakar abin da ake biya a kan raunin jiki ko rasa rai ba, kada wani ya rikita ku da su. Sabuwar dokar gyaran harkar inshora da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda, kuma wajibcin yana nan. Da lambar motar ana iya dubawa a rumbun bayanan inshora na NIID a intanet a ga ko takardarta ta gaskiya ce da sunan kamfanin da ya ba da ita. Lauyanku ya rubuta wa wannan kamfanin tun da wuri, domin rashin sanar da mai inshora a kan lokaci yana ba shi ƙofar zamewa. Idan kuma ta bayyana motar ba ta da inshora, haƙƙinku a kan mai motar yana nan daram.

Yanzu sai tattara hujja, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin asara, saboda harkarmu ta baki ce da amana. Idan ba a kai rahoto ga 'yan sanda ba, a kai, a nemi kwafin rahoton sashen haɗurran mota da zanen wurin idan an yi. Tuhumar direba da tuƙin ganganci daban take da neman diyya, ko an janye waccan wannan tana iya ci gaba, matuƙar ba a sa hannu a kan yafe ta ba. A rubuta sunaye da lambobin wayar waɗanda suka ga abin, domin 'yan kasuwa da 'yan dako suna tafiya gida da damina, wani ba ya dawowa. A adana kowane rasit, har na kemis da na keke. A sayi littafi mai bango a ba matarsa ko wanda yake kwana ɗaki ɗaya da shi, a riƙa rubuta kwanan wata da abin da ya faru, ko da ajami ne: yau ya sa tukunya a wuta ya manta, yau ya rasa raka'ar da yake a sallar la'asar, yau ƙarar janareta ta sa ya toshe kunne yana kuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma likitan da zai ga yaron na minti 20 ba zai san waɗannan ba sai kun gaya masa. Cinikinsa kuma ana iya tabbatar da shi ko babu takardar albashi: littafin dillalin da yake ba shi kwandunan tattasai, katin adashin da yake zubawa kullum, bayanan asusunsa na banki ko na OPay ko Moniepoint na watannin da suka gabaci haɗarin, da shaidar shugabannin sashensu na kasuwa.

Lokaci yana da iyaka. A dokar wa'adin shigar da ƙara ta Jihar Legas, wanda aka ji wa rauni ta hanyar sakaci yana da shekara 3 daga ranar da abin ya faru, kuma tattaunawar sulhu ba ta tsayar da wannan ƙirga, ko da manaja yana ta cewa ku dawo wata mai zuwa. Akwai sassauci ga yara da waɗanda hankalinsu ya gushe, amma ban ba ku shawarar dogara da shi ba. Shekara 3 ta isa a jira rahoton likita na ƙarshe, a kuma shigar da ƙara tun da sauran lokaci. Ga sauran masu karatu, da motar ta wata hukumar gwamnatin tarayya ce, da wa'adin yana iya zama wata 3 kacal a ƙarƙashin dokar kare jami'an gwamnati. Wanda kuma haɗari ya same shi a bakin aikin albashi, ko a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, yana da wata hanyar ta Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 a hukumar inshorar ma'aikata ta tarayya, NSITF, inda ake sanar da ubangida cikin kwana 14, a kuma nemi diyya cikin shekara 1. Ƙaninka mai zaman kansa ne, wannan ba tasa ba ce.

Ba ina tura ku kotu kai tsaye ba. Shari'a a Babbar Kotun Legas tana iya cin shekaru, ga ɗaukaka ƙara, ga darajar naira tana zaizayewa kafin a biya, kuma iyalin da ke jinya ba kasafai suke da ƙarfin wannan jiran ba. Ƙa'idojin kotun na 2019 ma sun wajabta a fara rubuta wa wanda ake ƙara a nemi sasantawa kafin a shigar da takardu. Sulhu shi na fi so a mafi yawan irin waɗannan al'amura, amma sulhun da aka yi da rahoton likitan ƙwaƙwalwa a kan tebur da lissafi a rubuce. Akwai cibiyar sasanci ta kotun, LMDC, wadda aka kafa a 2002, inda ɓangarori ke zama da mai shiga tsakani, kuma idan aka daidaita alƙali ya sa hannu, yarjejeniyar tana zama hukuncin kotu wanda ake iya tilasta biyansa. Wannan ya fi alkawarin da aka yi a ofishin manaja nesa ba kusa ba. Manyanku da shugabannin kasuwa, har da wakilin Sarkin Hausawa idan kuna so, suna iya raka ku, kuma kasancewarsu tana da amfani, domin kamfanin da motocinsa ke shiga kasuwar kullum yana buƙatar zaman lafiya da su.

Idan kuɗin lauya ne matsala, gwamnatin jiha tana da ofishin lauyoyin talakawa, OPD, wanda aka kafa a 2000, hedikwatarsa tana Surulere, akwai kuma Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya. Ƙa'idar aikin lauya ta yarda a yi yarjejeniyar cewa sai an samu diyya lauya zai ɗauki kasonsa, amma a rubuta kason tun farko, a kuma fayyace wanda zai biya kuɗin rahoton likita da na shigar da takardu. Ku guji 'yan kamasho da ke yawo a harabar asibiti da caji ofis suna alkawarin fito da kuɗi cikin mako guda. Idan diyyar ta zo, a sa ta a asusu da sunan ƙaninka, kuma muddin mantuwar da saurin yanke shawara ba su bar shi ba, a tsara yadda mutum biyu amintattu za su riƙa sa ido a kan fitar kuɗin, domin na jinyar shekaru ne.

Shi kuwa manajan, ku amsa masa cikin mutunci kuma a rubuce, ko ta saƙon waya ne wanda za a iya adanawa. Ku gode masa bisa kuɗin asibitin da suka biya, ku sanar da shi cewa yaron ya faɗi yana karkarwa kamar mai farfaɗiya kuma za a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ku nemi su ɗauki nauyin hoton da maganin, ku kuma nemi sunan kamfanin inshorar motar da lambar takardarta. Ku ce masa maganar rufe al'amari za ta jira rahoton likita, kuma ku karɓi kwafin takardar da yake so a sa wa hannu ku kai wa lauya ya karanta.